Gyaran kicin da banɗaki: inda za a matse hannu da inda ba a matsewa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba mai filin gini. Ni malamar makaranta ce a Kano. Ni da maigidana mun sayi tsohon gida mai ɗaki uku a Ɗorayi, muna so mu gyara kicin da banɗaki biyu kafin mu tare bayan babbar Sallah. Mai aikin famfon da aka haɗa mu da shi ya kawo lissafi, kuɗin kaya kaɗai sun kusa cinye duk abin da muka ware. Ya ce a fasa komai a sake, a mayar da masan ɗakina wancan bangon, a sa shawa mai faɗi irin ta otal. Ƙawayena kuma sun ce in tafi Ƙofar Ruwa in kwaso masu araha, wai duk ɗaya ne. Wa zan bi?

AMSA: Wa alaikumus salam Malama. Allah ya sanya alheri, ya sa ku shiga a sa'a.

Kada ki bi ɗayansu ɗungurungum. Duk abin da za a binne a cikin bango ko ƙarƙashin daɓe, a nan mai aikin famfonki ya fi ƙawayenki gaskiya, ki saki kuɗi. Abin da yake waje, wanda sifana ɗaya za ta kwance shi a sa wani, a nan za ki matse hannu. Tsadar da kika gani kuwa ba ƙarya ya yi miki ba. Yawancin kawunan famfo da sinki da hita daga Sin da Turkiyya da Indiya da Italiya ake shigo da su, kuma tun watan Yunin 2023 da Babban Bankin Najeriya ya saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Ƙawar da ta yi gininta a 2021 tana ba ki tsohon labari ne.

Abu na farko da za ki soke daga lissafin nan shi ne ɗauke masai daga wurinsa. Masai ba kujera ba ce da za a ja ta gefe. A ƙarƙashinsa akwai bututu mai inci 4 da aka shimfiɗa da gangara har zuwa ramin waje. Matsar da shi na nufin fasa daɓe, tono, sabon bututu, siminti, yashi, ladan birkila, sannan sabon tayil ko da na ƙasan lafiyarsa ƙalau. Idan aka yi rashin sa'a gangarar ba ta fita ba, kun shiga toshewa da wari ke nan har sai an sake fasawa. In dai ƙofa tana buɗewa, mutum yana zama ba tare da gwiwarsa ta bugi bango ba, ku bar shi inda yake. Haka sinkin kicin.

Ki ma duba tsohon masan da kyau kafin a jefar da shi. Tangaran ba ya tsufa sai in ya tsage. Abin da ke lalacewa shi ne kayan cikin tankinsa da murfin zama, kuma duka ana sayar da su daban. Na san mata da yawa suna ƙyamar gadon masan wasu, ban ga laifinsu ba; to ki sa sabo a ɗakinki, na yara a wanke shi tas a canza masa kayan ciki. In za ki sayi sabon, ki fara duba ta ina na yanzu yake zubarwa. Akwai mai zubarwa ta ƙasa, 'yan kasuwa na ce masa es-tiraf, akwai mai zubarwa ta bango, shi ne fi-tiraf. Na ƙasan yawanci tsakiyar raminsa na da nisan santimita 30 daga bango, na bangon kuma bakinsa na da tsayin wajen santimita 18 daga ƙasa. A auna naku a rubuta, ki tafi da takardar kasuwa. Ki zaɓi mai maɓalli biyu, na lita 3 da na lita 6. Tsofaffin tankuna na zubar da lita 9 ko fiye a ja ɗaya, wato jarkar ɗan garuwa mai lita 25 ba za ta kai ja uku ba. A unguwar da ake sayen ruwa ko ake tada janareta don cika tanki, wannan kuɗi ne da ke fita kullum.

Yanzu ga inda nake goyon bayan mai aikinki. Tsohon gida irin wannan da wuya bututunsa bai zama na ƙarfe ba. Ki buɗe famfo da sassafe, in ruwan farko ya fito jaja-jaja ko yana zuwa a siririce alhali tanki a cike yake, tsatsa ta cinye cikinsa. A cire shi duka a sa koren bututun nan na roba da ake kira PPR, wanda ake haɗa gaɓoɓinsa da na'urar zafi, ba da gam ba. Yana ɗaukar ruwan zafi, abin da farin PVC na yau da kullum ba a yi shi dominsa ba. Kada ki nemi ragi a kaurinsa ko a gwiwoyi da mahaɗansa. Kuma kada ki yarda a rufe bango ranar da aka gama. A toshe bakunan, a cika tanki, a saki ruwa ya kwana a ciki, washegari a bi kowace gaɓa da hannu ana neman danshi. Sannan ki ɗauki hoton kowane bango da wayarki kafin a yi filasta. Ranar da kafinta zai kafa madubi ko kanta, hoton nan ne zai hana shi huda bututu. Ki sa a yi wa kowane banɗaki makullin ruwansa, don gyaran guda kada ya hana gida duka ruwa.

Akwai wasu ƙananan abubuwa biyu da mutane ke rainawa: gajeriyar tiyon nan mai saƙar ƙarfe da ke kai ruwa tankin masai da ƙarƙashin sinki, da ɗan makullin da take fitowa daga jikinsa. A shekarun da na yi ina duba ayyukan gini, yawancin gidajen da aka kira ni ruwa ya malale musu kafet cikin dare, ɗaya daga cikin biyun nan ne ya fashe. Bambancin mai kyau da maras kyau a kuɗi bai taka kara ya karya ba. Sayi mai kyau.

Kan famfo kuwa, hannu ne ke saye, ba ido ba. Duk suna ƙyalli a shago. Ɗauki biyu ki gwada nauyi. Na tagulla ya fi nauyi, kuma in kika leƙa cikin zaren da ake ɗaura shi za ki ga launin rawaya. Mai sauƙin nan da cikinsa yake toka-toka, a wuyan zaren yake karyewa, wani lokaci tun a hannun mai ɗaurawa. Kada suna ya ruɗe ki. Grohe kamfanin Jamus ne, Twyford asalinsa na Ingila, amma jabun manyan sunaye sun cika kasuwa, kuma in an ba ki su a farashin da ya yi daɗi da yawa, to sunan kawai kika saya. Gara mai nauyi wanda ba a san sunansa ba. Ki kashe kuɗi a kan famfon kicin, shi ake murɗawa daga asuba har dare. Na banɗakin baƙi ko na roba ya wadatar. Kuma ki tabbata akwai ɗan famfo na ƙasa, daidai gwiwa, a kowane banɗaki. Hotunan banɗakunan da ake nuna muku a waya babu shi, don masu su ba sa cika buta ko bokiti, ba sa alwala. A gidajenmu shi ne ya fi kowane aiki.

Shawar otal ɗin nan ki manta da ita. Ƙarfin ruwan tanki daga tsayinsa yake zuwa: kowace mita 10 tsakanin saman ruwan da bakin shawa na ba da ma'aunin ƙarfin ruwa guda, wanda masu aikin ke kira "bar" ɗaya. A gida maras bene, tanki bai fi ya ɗara kan shawa da mita 2 ko 3 ba, wato ko sulusin "bar" ɗaya ba ku samu ba. Faffaɗan kai a irin wannan ƙarfin ɗiga kawai zai riƙa yi, sai an ƙara masa injin tura ruwa, shi kuma injin sai da wuta. Ƙaramin kai ko na hannu mai tiyo ya fi ba da ruwa, ya fi araha nesa ba kusa ba. Haka mahaɗin ruwan zafi da sanyi da ake binnewa a bango: kyakkyawa ne, amma ranar da ya lalace sai an fasa tayil. Ki sa na waje. In ruwanku na burtsatse ne, zai iya barin farin gishiri yana toshe ƙofofin shawar. A kwance kan a jiƙa shi cikin ruwan khal ya kwana, ba sai an sayi sabo ba.

A kicin, sinki mai rami ɗaya mai zurfi ya fi mai ramuka biyu marasa zurfi, domin tukunyar tuwon gidan Bahaushe ba ta shiga waɗancan. Ƙarfen da ba ya tsatsa iri-iri ne. Mai lamba 304 ya fi jure gishiri da danshi, mai lamba 201 ya fi araha amma yana fitar da ɗigon tsatsa in ya daɗe. Gwajin maganaɗisu da wasu ke yi ba ya raba su, don duka biyun ba sa kama shi sosai. Danna tsakiyar ramin da babban yatsa. In ya lotsa ya dawo da ƙara, ya yi siriri. Kabad ɗin ƙasa kuma, kada ki bari a yi miki shi da katakon nan na MDF da ake yi da garin katako, musamman ƙarƙashin sinki, ruwa kaɗan zai kumbura shi. A ɗora bulo a zuba dakalin kankare, a shimfiɗa tayil ko dutsen giranet a sama, kafinta ya yi ƙofofi kawai. Ba ruwansa da gara. Kabad ɗin sama zai iya jira sai bayan kun tare kun huta.

Tayil ba sai na waje ba. Ana yin sa a nan gida, akwai masana'antar West African Ceramics a Ajakuta ta jihar Kogi da ta CDK a Shagamu ta jihar Ogun, da wasunsu. Ki koyi lissafinsa da kanki. Mai 60 da 60 guda huɗu ne a kwali, murabba'in mita 1.44 ke nan. Kicin mai mita 3 da 4 murabba'i 12 ne, a ƙara kashi ɗaya cikin goma saboda yanka da karyewa, kwali 10 ya isa. Duk wanda ya rubuta miki 15 ki tambaye shi dalili. Kwalayen su zama masu lamba ɗaya, wato waɗanda aka gasa tare a masana'anta, in ba haka ba launin zai bambanta a bango. Daɓen banɗaki na son ƙananan tayil masu kaushi, sun fi ba da gangara zuwa magudana kuma ba sa santsi. Tun da wurin ƙarami ne, tambayi 'yan kasuwa ragowar kwalayen da suka rage musu, sukan karyar da su. Bangon ma ba dole sai ya kai silin ba sai wajen wanka.

Batun shiga kasuwa: ki ce mai aikin ya rubuta miki kaya da adadinsu ba tare da farashi ba, ya rubuta ladansa daban. Ke da maigida ku shiga Ƙofar Ruwa ku taya a shago uku tukuna. Sanannen abu ne wasu shaguna na ajiye wa mai aiki la'adarsa in shi ya kawo mai saye, kuma a kan kuɗinku ake ɗora ta. Ban ce naku haka yake ba, amma ku biya shi ladansa da daraja, ku riƙe sayayya a hannunku, ranar ɗauka ku kira shi ya duba ingancin. Ku haɗa kayan a shago ɗaya don ku sami bakin neman ragi, a rubuta a rasit cewa abin da ba a buɗe ba za a karɓa. Duk kayan tangaran a buɗe kwalinsu a gabanku kafin a ɗora a mota. In ya bar bakin shago, tsagewar taku ce.

TAMBAYA: Baba, ni direba ne a Kaduna. Na ga kayan banɗaki na hannu a Panteka, waɗanda aka ciro daga gidajen da aka rushe, har da hita. In saya?

AMSA: Malam, sayi abin da ba shi da abin motsi a cikinsa: kwamin wanke hannu, sinki, falan giranet, har masai in zuciyarka ta kwanta da shi. Wani tsohon tangaran ɗin ma ya fi na yanzu kauri. Ƙwanƙwasa shi da makullin motarka. Lafiyayye yana amo, mai tsaga muryarsa a dakushe take ko da ido bai ga tsagar ba. Kan famfo na hannu ka bar musu, cikinsa ya riga ya cinye.

Hita kuwa a'a. Ba ka ganin tsatsar cikin tukunyarta, ba ka san ko abin da ke yanke wuta in ruwa ya yi zafi yana aiki ba, kuma wuri ne da wuta da ruwa da jiƙaƙƙen mutum suke haɗuwa. In kuɗin sabuwa bai samu ba yanzu, sa a ja bututun ruwan zafin da wayarta a toshe bakinsu, iyali su ci gaba da dafa ruwa a wannan hunturun. Ranar da ka sayo, mai lita 15 ta ishi banɗaki ɗaya, kuma ka tsaya a kan mai haɗawar sai ya sa mata wayar da ke kai wuta ƙasa da makunninta a wajen banɗakin.