Cinikin ɗan wasa a ƙwallon Amurka: amsa ga ɗana na Kano

Ɗana, assalamu alaikum. Ina fata kowa lafiya, ka gaida mahaifiyarka da kyau.

Ka ce ka ji ƙannenka na nan suna ta cewa ƙungiyar Cleveland Browns ta kashe kanta da hannunta a kan ɗan wasa ɗaya, kai kuma a saninka ƙungiya idan ta sayo gwani ƙarfi take ƙarawa. Ka kuma yi mamakin yadda har mu manya muka shiga wannan gardama a kan ƙwallon da ake rungumewa a ruga da ita. Tambayarka tana kan hanya, sai dai ka auna ta da ma'aunin gasar Ingila da kuke kallo a gidan kallo, nan kuwa tsarin daban ne tun daga tushe.

Mu Hausawan Columbus, a jihar Ohio ta Amurka inda Cleveland ma take, daga wurare muka taru: akwai mutanen Zango na Kumasi da Akara, akwai na Nijar, akwai mu na Najeriya. Manyanmu har yau ƙwallon Turai suka riƙe, suna kallonta da safe saboda bambancin lokaci. 'Ya'yan da aka haifa a nan kuwa da ƙwallon Amurka suka tashi, don garin ma da ita yake numfashi. Daren Juma'a na makarantun sakandare ne, Asabar ta jami'ar Ohio State ce, wadda filinta ke ɗaukar mutum sama da 100,000, Lahadi kuma ta ƙwararru ce, wato gasar NFL. Daga Satumba zuwa Janairu, mai shirya walimar suna ranar Lahadi ya san idan ya sa ta ƙarfe ɗaya na rana samari za su zo amma idonsu na kan waya. Uban da bai san komai a wasan ba sai ya ga hira tana yankewa tsakaninsa da ɗansa, a wurin aiki ma ranar Litinin ya zauna shiru abokan aiki na ta magana. Abin da ya sa da yawanmu muka koya ke nan, ni dai ban ga laifin hakan ba. Abin da ke damunmu shi ne caca, wadda jihar Ohio ta halatta a kan wasanni daga farkon 2023. Malamanmu suna yawan jan kunnen matasa a kanta, kuma da gaskiyarsu.

To ga bambancin. A Turai kuɗi ake zubewa a ɗauki ɗan wasa, kamar yadda PSG ta biya Yuro miliyan 222 ta karɓi Neymar daga Barcelona a 2017. A NFL ba a sayen mutum da kuɗi. Ƙungiyoyi 32 ne, babu mai faɗawa rukunin 'yan dagaji kamar yadda ta faru da Kano Pillars a 2022. Duk shekara a watan Afrilu ana zaman zaɓen matasan da suka fito daga jami'o'i, zagaye bakwai, kuma wadda ta zo ta kashin baya a kakar da ta wuce ita ke fara zaɓa. Gurbin zaɓen nan shi ne kuɗin kasuwar. Idan kana son gwanin wata ƙungiya, ka ba ta wani ɗan wasanka, ko ka ba ta gurabenka na bana da na baɗi da na baɗin baɗaɗa. Sannan akwai iyakar albashi da ta hau kan kowa daidai wa daida: a 2024 kimanin dala miliyan 255 ce, daga ciki za ka biya 'yan wasanka 53 da sauran na gefe. Mai ƙungiya ko ya fi kowa arziki ba zai tsallake ta ba. Matashin da aka zaɓo kuwa albashinsa ƙayyadajje ne na shekara huɗu, mai araha idan aka kwatanta da na gwanaye.

Ka ga ke nan mai ɗauko babban ɗan wasa sau biyu yake biya. Ya ba da matasa masu araha da zai samu nan gaba, sannan ya yanki babban kaso na albashin kowa ya miƙa wa mutum guda. Kamar manomi ne da ya ci bashi a kan amfanin gonarsa na damina uku masu zuwa: idan abin da ya saya da kuɗin ya yi albarka, ya tsira, idan bai yi ba, babu hatsi, babu kuɗi, ga iyali.

Abin da Cleveland ta yi ke nan a watan Maris na 2022. Sai ka san halin da magoya bayanta ke ciki kafin ka gane dalili. Ƙungiyar ba ta taɓa zuwa wasan ƙarshe na Super Bowl ba. An kwashe ta aka kai Baltimore bayan kakar 1995, sai 1999 aka kafa sabuwa da tsohon sunan. A 2016 wasa ɗaya ta ci cikin 16, a 2017 ko ɗaya ba ta ci ba. Mutumin da ya daɗe da ƙishi irin wannan, duk abin da aka miƙo masa zai karɓa. Suna da mai jefa ƙwallo, wanda ake kira kwatabak, shi ne jagoran kai hari kuma babu matsayin da ya kai nasa muhimmanci. Sunansa Baker Mayfield, shi ya ci musu Pittsburgh a wasan sili ɗaya ƙwale a Janairun 2021. Amma shugabanni suka ga bai isa ba. Suka nufi Houston suka ɗauko Deshaun Watson, suka ba da gurabe uku na zagayen farko, na 2022 da 2023 da 2024, da wasu ƙanana, suka kuma rattaba masa kwantiragin dala miliyan 230 na shekara biyar wanda dole a biya shi duka, ko ya buga ko bai buga ba. Kafin nan ba a taɓa ba wani irin wannan lamuni a tarihin gasar ba.

Mutumin nan kuwa bai buga ko wasa ɗaya a 2021 ba, kuma mata fiye da 20 masu aikin tausa sun kai shi ƙara suna zarginsa da cin zarafi. Ya musanta, ba a gurfanar da shi a kan laifi ba a Texas, jihar da Houston take, ya sasanta da mafi yawansu a wajen kotu, hukumar gasar kuma ta dakatar da shi wasa 11 ta ci shi tarar dala miliyan 5. A nan gardamar ta shigo gidajenmu sosai. Samari suna cewa hannunsa aka saya ba halinsa ba. Iyaye mata, waɗanda da yawansu ke aikin jinya da kula da tsofaffi, suna shiga ɗakin baƙin maza su kaɗai don neman halal, ba su karɓi wannan magana ba ko kaɗan. Akwai gidajen da aka hana yaro sa riga mai lambarsa. Ni ina bayan iyayen nan, kuma da ma ace ya yi ta cin wasa ra'ayina ba zai canja ba, domin yaro yana koyon abin da ake yafe wa mai suna.

A fili ma abin bai yi kyau ba. Cikin kaka uku wasa 19 kacal ya buga, alhali kowace kaka wasa 17 ce. A 2023 da ya ji ciwo a kafaɗa, wani dattijon ɗan wasa mai shekara 38, Joe Flacco, wanda aka ɗauko yana zaune a gida, shi ya ƙarasa da su zuwa sili ɗaya ƙwale. Can suka haɗu da Houston ɗin da suka ba gurabensu, ta lallasa su da ci 45 da 14. Jagoran Houston a ranar C.J. Stroud ne, yaron da muka gani yana wasa a nan Ohio State, ɗaya daga gurabun Cleveland kuma yana cikin abin da Houston ta haɗa ta samo Will Anderson, ɗan bayan da ya zama ginshiƙinta. A Oktoban 2024 agarar Watson ta tsinke, ƙungiyar ta gama kakar da nasara 3 da rashin nasara 14. A lokacin, Mayfield da aka kora yana can Tampa Bay yana kai su gaba. A 2025 mai ƙungiyar da kansa, Jimmy Haslam, ya fito ya amsa cewa cinikin ya ɓaci.

Kada ka ɗauka Cleveland ce kaɗai. A wata guda da nasu, Denver ta ba Seattle gurabe biyu na zagayen farko, biyu na zagaye na biyu, da 'yan wasa uku, ta karɓi Russell Wilson, wanda babu wani zargi a kansa kuma ya taɓa ɗaukar kofi. Bayan shekara biyu ta sallame shi, dala miliyan 85 na kwantiraginsa suna rataye a lissafin albashinta. Tsofaffin 'yan kallo kuma har gobe suna kawo labarin 1989, lokacin da Minnesota ta kwashi tarin gurabe da 'yan wasa ta ba Dallas don ta samu Herschel Walker. Dallas ta gama shekarar da nasara ɗaya tak, amma da gurabun nan ta tara matasa irin su Emmitt Smith, ta ɗauki kofin kakar 1992 da 1993 da 1995. Minnesota har yau ba ta ɗauka ba.

Amma ba zan ce maka kasadar ba ta taɓa biya ba, don mun gani da idonmu, kuma a kan ƙungiyar jiharmu ta faɗa. A farkon 2021 Los Angeles Rams ta ba Detroit nata kwatabak Jared Goff, da gurabe biyu na zagayen farko da ɗaya na zagaye na uku, ta karɓi Matthew Stafford, wanda ya yi shekara 12 a Detroit bai ci wasan sili ɗaya ƙwale ko sau ɗaya ba. A Fabrairun 2022 Rams ta doke Cincinnati Bengals da ci 23 da 20 ta ɗauki Super Bowl a filinta. Ka duba abin da ke ƙasa a nan. Rams ta riga ta je wasan ƙarshe a 2019. Tana da Aaron Donald a baya, Cooper Kupp mai cafe ƙwallo, Jalen Ramsey, da koci Sean McVay wanda ya san ainihin irin jifan da yake buƙata. Gurbi ɗaya ne ya rage, kuma sun san mutumin da suka ɗauko, lafiyarsa da halinsa da yadda yake wasa a shekarar da ta gabata. Duk da haka sun biya bashin: kakar da ta biyo baya wasa 5 suka ci, aka ci su 12. Detroit kuma ba ta yi asara ba. Da Goff ɗin da aka raina da matasan da ta tara, ta fitar da Rams da ci 24 da 23 a Janairun 2024, nasararta ta farko a irin wannan mataki cikin shekara 32.

Don haka idan samarinmu suka kawo mini sabon ciniki suna murna, ba na fara tambayar ko ɗan wasan gwani ne, don da ba gwani ba ne da ba a yi maganarsa ba. Ina tambaya ne ko ƙungiyar ta riga ta cika, shi kaɗai take jira, ko kuwa so ake ya rufe ɓarakar da ta fi ƙarfin mutum ɗaya. Wasa ne na mutum 11 a fili, masu kai hari daban, masu tsaro daban, kuma kwatabak komai gwanintarsa idan mutum biyar ɗin da ke tare masa gaba ba su da ƙarfi, ƙasa zai yi ta sha har ya karye. Sai tambaya ta biyu, wadda aka fi mantawa: me ya sa waɗanda suka fi kowa saninsa suka yarda su rabu da shi? Wani lokaci dalilin mai sauƙi ne, kamar Stafford da ya nemi tafiya don Detroit za ta fara gini daga farko. Wani lokacin kuma sun ga abin da mai saye bai gani ba tukuna. A wasan da ake karo jiki da jiki kowane mako, ɗora shekara uku ko huɗu a kan gwiwa da kafaɗar mutum guda ba ƙaramin abu ba ne, shi ya sa ni na fi amincewa da ƙungiyar da ke riƙe gurabunta, ko da za a daɗe ana haƙuri.

Yaranmu dai sun rabu. Wasu sun koma Bengals saboda Joe Burrow, wanda a jihar nan ya girma, wasu suna bin duk inda tsofaffin 'yan Ohio State suka je, wasu kuma sun nace wa Browns duk da abin da suka sha. Idan kana son ka gani da kanka, wasannin ranar Lahadi na farko suna kamawa ƙarfe shida na yamma a agogonku, bakwai idan an shiga Nuwamba. Ka sa ido kan mutum biyar ɗin da ke gaban mai jifa kafin ka kalli inda ƙwallon ta nufa, sannan ka rubuto mini abin da bai shige maka ba.