Gona, Amana da Kala: Amsoshin Tambayoyin Masu Karatu

Tambayoyi huɗu ne suka taru a wannan karon a kan abu guda, wato kalmomin noma kamar yadda suka zo a Littafi Mai Tsarki da kuma yadda Kiristoci suke fahimtarsu. Na haɗa su wuri ɗaya domin amsar kowace tana shiga cikin ta 'yar'uwarta.

Tambaya: Malam, me ya sa ake cewa "gonar Aidan", alhali labarin ya nuna itatuwa ne a cikinta, kogi kuma yana shayar da ita? Ashe ba lambu ya kamata a ce ba?

Amsa: Mai wannan tambaya ya lura da kyau. A Hausa, gona ita ce filin da ya dogara da ruwan sama, lambu kuwa shi ne wanda ake yi wa ban ruwa, sannan ga garka, wadda ake killacewa kusa da gida. Littafin Farawa, sura ta 2, ya ce a lokacin ba a riga an yi ruwan sama ba, kuma kogi ne yake fitowa daga Aidan ya shayar da wurin kafin ya rabu huɗu. Idan da siffar wurin kaɗai za a bi, lambu ya fi kusa. Amma a ganina gona ta fi ɗaukar nauyin labarin, domin ita ce kalmar da take tuna wa mai sauraro abinci da aiki da alhaki gaba ɗaya, kuma ita ce ta zauna a bakin jama'a.

Abin da ya fi sunan wurin muhimmanci shi ne aikatau biyu da suka zo a aya ta 15, inda aka ce an sa mutum a gonar domin ya noma ta, ya kuma kiyaye ta. Kalmar noma tana da faffaɗar ma'ana da ƙunƙuntacciya. Faffaɗar ta haɗa dukan aikin gona, daga sassabe zuwa girbi. Ƙunƙuntacciyar kuwa ita ce kawar da ciyawa da fartanya bayan shuka ta tsiro, kamar yadda ake cewa noman fari da maimai. Faffaɗar ce ake nufi a nan. Kalmar Ibrananci da ke ƙarƙashinta ita ce "abad", wadda ke nufin yin aiki da kuma yin hidima, kuma tushenta ɗaya da kalmar Larabci da ta ba mu "ibada". Wannan ne ya sa masu fassara da dama suke cewa mutum hidima yake yi wa ƙasa, ba ƙwatar abin da ke cikinta kawai ba.

Ta biyun, wadda aka fassara da "kiyaye", ita ce "shamar". Ita ce kalmar da Kayinu ya yi amfani da ita a sura ta 4 sa'ad da ya musanta cewa shi ne mai tsaron ɗan'uwansa, ita ce kuma ta zo a addu'ar albarka ta Littafin Ƙidaya 6:24, inda ake roƙon Ubangiji ya kiyaye mutum. Hausa ta yi dace a nan, domin "kiyaye" tana ɗauke da ma'anar tsarewa daga cuta da ta bin umarni, kamar a "kiyaye doka", kuma duka biyun suna cikin kalmar Ibranancin.

Tambaya: Gafarta Malam, na ji an karanta Farawa 1:28 cewa mutum ya mallaki duniya. Idan mallakarsa ce, ina maganar riƙon amana ta fito?

Amsa: Wannan ita ce tambayar da ta fi nauyi, kuma an daɗe ana muhawara a kanta. A 1967 wani masanin tarihi Ba'amurke, Lynn White, ya wallafa maƙalar da ta ɗora wa wannan fahimta ta mallaka laifin lalacewar muhalli a ƙasashen Yamma. Malaman Kirista da yawa sun amsa masa da cewa ba a karanta ayar ita kaɗai, kuma Paparoma Francis ya maimaita wannan hujja a wasiƙarsa ta 2015 a kan muhalli, inda ya koma ga aikatau biyun nan na noma da kiyayewa.

Ta fuskar harshe, "mallaka" da "mulki" daga tushe ɗaya na Larabci suka fito, kuma mai mallaka yana iya sayarwa ko kyautarwa ko ɓarnatarwa ba tare da an tuhume shi ba. To, wannan ikon ne Littafin Firistoci 25:23 ya hana, domin ya ce kada a yi wa ƙasa sayarwa ta dindindin tun da ta Allah ce, mutane kuwa baƙi ne a cikinta. Zabura 24:1 ma haka ta ce. Labarin Nabot a 1 Sarakuna 21 ya nuna yadda abin yake a aikace: Sarki Ahab ya nemi ya sayi gonar inabinsa ko ya musanya masa da wadda ta fi ta, Nabot ya ƙi domin gadon kakanninsa ce.

Sai dai idan ba mallaka ba ce, da wane suna za a kira ta? Hausa tana da kalmomi da dama na riƙe abin da ba naka ba. Akwai haya, wadda ake biya. Akwai jingina, wadda ake riƙewa har a biya bashi. Akwai kuma aro. Na sha jin masu wa'azi suna cewa ƙasa aro ce a hannunmu, kuma ban ga dacewar wannan ba ƙwarai. Mai aro ya san kwanansa kaɗan ne, don haka ba ya wahalar da kansa wajen gyara, shi ya sa ake cewa kayan aro ba ya rufe katara. Amana ta sha bamban, domin wanda aka ba shi ita za a tambaye shi yadda ya riƙe ta. Kalmar Helenanci ta Sabon Alkawari, "oikonomos", tana nufin wanda maigida ya danƙa wa tafiyar da gidansa, kuma 1 Korintiyawa 4:2 ta ce abin da ake nema a wurinsa shi ne aminci. Amana da aminci da amin duk tushensu ɗaya. Karin maganar da ke cewa kowa ya ci amana, amana za ta ci shi, ta hau kan manomin da ya tsotse gona ba taki ba hutu, domin gonar ce da kanta za ta hana shi amfani.

Tambaya: Malam, ana yi wa noma kirari da "na duƙe tsohon ciniki, kowa ya zo duniya kai ya tarar". Amma ba la'ana ba ce noma a Farawa sura ta 3?

Amsa: "Ciniki" a nan yana nufin sana'a, ba saye da sayarwa ba, "na duƙe" kuwa siffar mai riƙe da fartanya ce. Jerin labarin ya goyi bayan kirarin, domin an ba mutum aikin gona tun a sura ta 2, kafin a yi laifi. Abin da ya ƙaru a 3:17-19 shi ne ƙaya da sarƙaƙiya da zufa, kuma ƙasa aka la'anta a wurin, ba aikin ba.

Tambaya: Ranka ya daɗe, mece ce ma'anar "kala" a labarin Rut, kuma tana da alaƙa da "saura"?

Amsa: Kala ita ce tsintar abin da ya zube ko aka tsallake bayan masu girbi sun wuce. Rut ta yi kalar sha'ir a gonar Bo'aza, kuma ba bara ta yi ba, haƙƙinta ta ɗauka. Littafin Firistoci 19:9-10 ya hana mai gona girbe gefen gonarsa kaf da kuma komawa ya tsince abin da ya faɗi, Maimaitawar Shari'a 24:19 kuma ta ce damin da aka manta a gona a bar shi ga baƙo da maraya da gwauruwa. Saura kuwa, a harshen manoma, gona ce da aka bari ba a shuka ta ba. Kalmomin biyu ba su haɗa tushe ba, amma doka ɗaya ta haɗa su, domin Fitowa 23:10-11 ta ce a yi shekara 6 ana shuka, a ta 7 a bar ƙasa ta huta, abin da ya fito da kansa kuma matalauta su ci, namun daji su cinye ragowar.

Tun da an taɓo saura, bari in ƙara wata kalma da ma'anarta ta sauya a zamaninmu. Sassabe a da yana nufin sare duk wani tsiro kafin shuka. Tun daga 1983, a yankin Maraɗi na Nijar, wani ɗan mishan masanin aikin gona daga Ostireliya, Tony Rinaudo, ya yi aiki tare da manoma a kan barin 'yan rassa masu ƙarfi a kan kututturen da ke tohowa, a riƙa gyara su har su zama itace. Manoma suka kira wannan dabara "sassabin zamani", kuma an ƙiyasta cewa ta farfaɗo da itatuwa a kan hekta kusan miliyan 5 a ƙasar. Kalmar da take nufin sarewa ita ce yanzu take nufin zaɓen abin da za a bari a tsaye.