Tambaya da Amsa: Me Yaro Zai Koyo a Daji?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ɗana mai shekara 17 ya gama sakandare, ya dame ni sai na bar shi ya je wani horo na mako biyu a daji. Wai za a koya musu kunna wuta ba ashana, da tuƙa igiya da ɓawon itace, da bin sawun dabbobi, su kuma kwana a bukkar da suka yi da hannunsu. Babansa ya ce ɓata lokaci ne, wa ke murza itace a wannan zamani? Ni kuwa tsoro nake ji. Su wane ne masu koyar da wannan abu, kuma ta yaya zan gane na ƙwarai? — Wata uwa

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya raya mana shi, ya yi masa albarka. Tsoronki yana kan hanya, kada ki yar da shi, da shi za ki tantance malamin. Amma bari in fara da maganar maigida.

Wannan sana'a tana da tushe. A shekarar 1941, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, wani malami Bajamushe mai suna Kurt Hahn da wani mai jiragen ruwa, Lawrence Holt, suka buɗe makarantar Outward Bound a gaɓar tekun Wales ta Birtaniya. Abin da ya dame su shi ne matasan matuƙa jirgi: idan an nutsar da jirginsu suka ragu a ƙaramin kwalekwale, zuciyarsu kan karaya da wuri, domin ba su taɓa gwada kansu cikin wuya ba. A 1965 kuma Paul Petzoldt, wani gwanin hawan tsauni, ya kafa makarantar NOLS a jihar Wyoming ta Amurka don horar da waɗanda za su ja ragamar mutane a daji. Dukansu biyu suna aiki har yau. Daga baya aka samu masu karkata ga hikimomin mutanen dā zalla, wato wuta, igiya, jima, sassaƙa da sanin tsirrai.

Na daɗe ina koya wa matasa kunna wuta, kuma a nan nake ganin amfanin abin da idona. Ana samo busasshen katako mai laushi, a yi masa ɗan gurbi, a yanka tsaga a gefensa. Sai a kafa sanda a gurbin, a naɗe ta da igiyar ɗan ƙaramin baka, a yi ta kai da komo. Da farko garin itacen da ke zuba a tsagar ruwan ƙasa ne, alamar zafi bai kai ba. Sai ya koma baƙi, hayaƙi ya yi kauri. A daidai nan yawancin yara ke sakin hannu saboda murna, wutar ta mutu. Wanda ya daure ya ƙara ja kaɗan, idan ya ɗaga sandar zai ga tulin garin yana hayaƙi da kansa. Garwashi ne ɗan mitsitsi a ciki, bai kai ƙwayar wake ba. A juye shi cikin dunƙulen busasshiyar ciyawa, a riƙa hurawa a hankali kamar mai lallashin jariri.

Akwai wani yaro da ya yi kwana uku yana fama, tafin hannunsa duk ya yi bororo. Ya zargi sanda, ya zargi iska. Ranar ta uku ya zauna shiru ya duba katakon, ya ɗora shi a kumatunsa, ya ji sanyin danshi. Ya tashi ya nemo wani. Da wutar ta kama bai yi ihu ba, ido kawai ya zuba mata, hannunsa na rawa. Abin da ya koya ran nan shi ne ya daina ɗora laifi, ya duba abin da ke gabansa. Ki faɗa wa babansa wannan ne ribar. Ashana kuwa ko malamin kansa yana da ita a aljihu.

Su ma mutanen dā ba wahala suke nema ba. Gawar da aka tsinta cikin ƙanƙara a tsaunukan Alps na Turai a 1991, wadda ake kira Ötzi, ta kai shekara 5,300. An same shi da busasshen naman kaza mai kama tartsatsi, da kuma ɗan akwati na ɓawon itace wanda ya naɗe garwashi a ganye ya sa a ciki. Wato ya fi son ɗaukar wutarsa ya yi tafiya da ita a kan ya sake haifar da sabuwa. Malamin kirki irin wannan dabara yake koyarwa.

To, yanzu ga tambayarki ta biyu. Ki je da ƙafarki ki ga mutumin. Ki tambaye shi: idan yaro ya ɓace, me ka koya masa ya fara yi? Idan ya soma da farauta ko cin 'ya'yan itace, ki yi hattara. Masu wannan aiki suna da wata ƙa'idar tuni: mutum na iya kai mako uku ba abinci, kwana uku ba ruwa, amma cikin tsananin sanyi ko zafi sa'o'i uku ba mafaka na iya halaka shi. Ƙiyasi ne, amma ya jera abubuwa daidai. Amsar da za ta kwantar miki da hankali ita ce yaron ya tsaya wuri guda, ya natsu, ya nemi mafaka da ruwa, ya yi alamar da za a gan shi.

Ki nemi ganin takardar shaidarsa ta taimakon gaggawa. Akwai horo na musamman na jinya a daji da ke ɗaukar sa'o'i 70 zuwa 80, saboda a can asibiti na da nisa. Ki ji yara nawa ne a hannun kowane malami, da wace hanya za a fitar da wanda maciji ya sara ko ya karye, da kuma yadda suke tsabtace ruwan sha. Ruwan rafi komai haskensa sai an tafasa shi ya yi minti ɗaya cur yana tafarfasa. Wanda ya ce miki yara za su saba da ɗanyen ruwa don cikinsu ya yi ƙwari, ki kama hannun ɗanki ku tafi. Haka wanda ke barin yara su ɗanɗana tsiron da ba su sani ba.

Tambayar da na fi ba muhimmanci kuwa ita ce: a wurin wa ka koya? Wannan ilimi yana da masu shi. A hamadar Kalahari da ke kudancin nahiyar Afirka, wani ɗan Afirka ta Kudu mai suna Louis Liebenberg ya yi shekaru yana bin mafarautan ƙabilar San, yana koyon karanta sawu. A shekarun 1990 ya haɗa kai da wani masanin kwamfuta suka ƙirƙiro manhajar CyberTracker mai aiki da hotuna, domin gwanin bin sawu da bai iya karatu ba ya iya adana abin da ya gani, masu binciken namun daji su amfana. Raina na ɓaci idan na ga wanda ya kalli bidiyo kaɗan a YouTube ya naɗa wa kansa rawanin gwani, alhali tsohon da ya san dajin kamar tafin hannunsa ba a ko ambaci sunansa ba. Malamin ƙwarai zai lissafa miki malamansa ba tare da kin matsa ba, sau da yawa ma za ki tarar ya gayyato ɗayansu ya koyar, ya kuma biya shi haƙƙinsa.

Idan kin gamsu, ki bar shi ya je. Ki rubuta wa malaman duk wata rashin lafiya da yake da ita da maganin da yake sha, ki karɓi lambar da za a same su. Ya tafi da takalmin da ƙafarsa ta riga ta saba da shi, domin sabo zai yi masa rauni tun ranar farko. In ya dawo lafiya in sha Allahu, ku fita da shi da sassafe ke da babansa, lokacin da rana ba ta yi sama ba, ku ce ya nuna muku abin da ya ratsa wurin da dare. Ki lura da inda zai tsaya: idan an koya masa da kyau, zai zagaya ya sa sawun tsakaninsa da rana, don inuwa ta fito masa da gefensa.