Tambaya da Amsa: Wace roba zan saya, kuma da gaske gam ɗin faci yana ƙara wa bat gudu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Koci. Ina buga ƙwallon tebur a wani kulob a Kano, har na fara shiga ƙananan gasanni. Bat ɗina irin wanda ake sayarwa a haɗe ne, kuma robarsa ta mutu murus, ƙwallo sai dai ta zame. Da ƙyar na tara 'yan kuɗi, ina tsoron kada su tafi a banza. Wasu sun ce in nemi katakon Viscaria da robar Tenergy 05 ko da na hannu ne. Wani babba a kulob ɗinmu kuma ya ce in sayi roba mai araha, zai shafa mata gam ɗin faci da ɗan kananzir ta riƙa gudu kamar Tenergy. Wallahi hankalina ya rabu biyu. Wanne zan bi?

AMSA: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kwantar da hankalinka. Kuɗinka za su isa, muddin ba ka bi ko ɗaya cikin shawarwarin nan ba.

Katako za ka fara nema, domin shi zai shekara da shekaru a hannunka, ita roba watanni ne nata. Nemi na itace zalla mai falle 5, irin Stiga Allround Classic, Yasaka Sweden Extra, ko Butterfly Primorac wanda ba shi da kabon (fallen da ake sa wa katako don ƙara masa ƙarfi da gudu). Viscaria katako ne na ƙwarai, da shi ɗan wasan Sin Zhang Jike ya ci zinaren Olamfik a Landan a 2012. Amma kabon ɗin da ke cikinsa ba ya barin ƙwallo ta ɗan zauna a kan bat, kai kuwa yanzu wannan zaman kake bukata don hannunka ya koyi murɗa ta. Idan ka ɗauke shi a yau, karɓar sabis ce za ta fara gagararka, daga nan ka shiga taƙaita hannu don tsoron ƙwallo ta wuce tebur, bugun da ka sha wahalar koyo ya lalace.

A roba, sa mai matsakaicin tauri a ɓangarorin biyu, kaurin soson da ke ƙarƙashin fatarta milimita 1.8 zuwa 2.0. Mark V na Yasaka tun 1969 yake kasuwa kuma har gobe yana koyar da hannu. In aljihu ya yarda, Rakza 7 ko Vega Europe sun ishe ka kowace gasa ta jiha. In bai yarda ba, robobin 729 na ƙasar Sin ba abin rainawa ba ne. Hurricane 3, wadda gwarzon Sin Ma Long ya yi fice wajen bugun gaban hannu da ita, tana da danƙo da tauri, sai mai bugu da ƙugu da ƙafa take yi wa aiki. Kada lambar taurinta ta ruɗe ka: 39 a ma'aunin Sin ya fi 47 na robobin Jamus tauri. Tenergy na hannu kuwa, ko dai mai ita ta mutu a wurinsa, ko jabu ce tun asali. Kowace za ka saya, duba tambarin ITTF, hukumar ƙwallon tebur ta duniya, a gindinta.

Yanzu ga maganar da ta fi damuna, wato ta wannan babban naku. Ba na shakkar kyakkyawar niyyarsa, amma abin da yake koya muku ɓarna ce, kuma na gaji da ganinta. Kusan duk kulob ɗin da ka leƙa akwai mai gwangwanin gam a jaka, yara sun kewaye shi kamar mai ba da lakani.

Abin yana da asali. A shekarun 1970 ɗan wasan Hungary Tibor Klampar ya manna robarsa da gam ɗin facin keke, ya ga ƙwallo ta ƙara gudu da juyi. Sinadarin da ke cikin gam ɗin yana ratsa soso ya kumbura shi, fatar sama ta miƙe ta yi ɗam. Duniya ta ɗauka, aka yi shekaru kusan 30 ana yi. To amma wa ya gaya muku ƙarshen labarin? Tasirin na 'yan sa'o'i ne, sai an ɓare an sake shafawa kafin kowane wasa. Tururinsa kuma guba ne, shi ne dai wanda yara ke shaƙa su bugu, muna kuka da su a unguwanni. Saboda lafiyar 'yan wasa ITTF ta haramta shi daga 1 ga Satumba 2008, bayan gasar Olamfik ta Beijing. A shekarar ce Tenergy 05 ta fito, an gina mata wannan ɗamewar tun daga masana'anta. Wato abin da babban naku ke nema da gwangwani, yau Rakza da Vega da shi suke zuwa a cikin kwali.

Kananzir ya ma fi muni. Ba ya shiga soso daidai wa daida: nan ya kumbura, can ya lafe. Bayan kwanaki fatar sama ta rabu da soso, ƙulli ya taso a tsakiya, daidai inda kake bugu. Yau bat ya yi gudu, jibi ya mutu, to da wanne hannunka zai saba? Ɗan wasan da ke koyo ba abin da yake bukata kamar bat ɗin da halinsa ba ya canjawa. Ga kuma doka: roba da soso da gam gaba ɗaya kada su kai milimita 4.05, kuma an hana yi wa roba kowane irin shafe-shafe. A manyan gasanni ana auna kauri, ana gwada tururi da na'ura. Ka sha wahalar atisaye, ka biya kuɗin mota, a ƙi bat ɗinka a bakin tebur?

Za su ce maka manyan 'yan wasa ma suna shafa mai a ɓoye. Ko wa ya yi, ya karya doka, kuma shi kamfani ke ba shi roba, ya yar da wannan ya ɗauki wata. Kai da guminka ka saya. Ina kira ga manyan da ke kulob-kulob da su ji tsoron Allah a kan yaran da iyaye suka ba su amana. A tara yara 'yan shekara 12 a ɗaki ba taga, a buɗe gwangwanin gam, wannan cutarwa ce, ko da sunan taimako aka yi ta. Ɗan wasan Najeriya Aruna Quadri ya kai zagayen 'yan takwas a gasar Olamfik ta Rio a 2016, ya fitar da gwarzon Jamus Timo Boll a hanya, shekaru 8 bayan haramcin. Ku nuna wa yara ƙafarsa da bugun gaban hannunsa.

Gam ɗin da za ka saya shi ne farin nan na ruwa, irin Free Chack ko DHS lamba 15. Shafa siriri a katako da soso, jira ya bushe har farin ya ɓace, sannan ka manna daga wajen mariƙi ka bi da kwalba a hankali, kada ka ja robar. Bayan kowane wasa goge ta da ɗan ruwa ka rufe da leda, musamman da hunturu, lokacin da ƙura ke kashe danƙo. Kada ka bar bat cikin mota ko ƙarƙashin kujerar babur a rana. In kana buga sau uku a mako, sa ran canja roba bayan wata 6 zuwa 8, saboda haka ka rage wani abu cikin kuɗin nan tun yanzu.