Zaurenmu ya cika maƙil, amma hira ta mutu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Shekara biyu ke nan da na buɗe zauren WhatsApp na mata masu sana'ar gida a Zariya. Mu talatin da 'yan kai muka fara: masu turaren wuta, masu dambun nama, masu ɗinki. A lokacin kullum cikin hira muke, ana gaya wa juna farashin kaya da inda ake samun kwalba da leda da araha. Yanzu mun haura 700, amma sai a wuni ba wadda ta ce uffan, sai talla da saƙonnin "tura wa mutum goma". Waɗanda muka fara da su sai zamewa suke yi. Wani ya ce in saka linkin zauren a Facebook mu cika dubu, wai hira za ta dawo. In yi? Wallahi hankalina ya tashi.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ki saka. In ma kin taɓa sakawa a wani wuri, ki shiga saitin zauren yau ki sabunta linkin, tsohon ya daina aiki.

Wannan shawara da aka ba ki ita ce abin da na fi ji a aikin nan, kuma na gaji da ita. Mutanenmu sun ɗauki karin maganar "sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi" sun kawo ta inda ba ta da gurbi. Da can WhatsApp ba ya barin zaure ya wuce mutum 256. A 2022 aka ɗaga zuwa 512, kafin shekarar ta ƙare aka kai 1,024. Tun daga nan kowa ya mayar da cika zaure tamkar gasa, har da wasu masu kiran kansu ƙwararru da ke karɓar kuɗi su zubo miki lambobin mutanen da ba su san ki ba, ba su nemi shiga ba. Taron tsintsiya ne, ba shara. Kamfanin ya faɗaɗa ɗaki, amma bai faɗaɗa zuciyar ɗan'adam ba. Robin Dunbar, masanin halayyar ɗan'adam na Ingila, ya yi kiyasin cewa mutanen da ɗayanmu zai iya riƙe alaƙa ta sanayya da su ba su wuce kamar 150 ba. Masana na jayayya a kan adadin, amma ke kin ga abin da idonki. Matar da za ta ce "humrata ta tsinke, me zan yi?" a gaban ƙawaye talatin ba za ta faɗa a gaban baƙi 700 ba, ga kishiyar sana'a a ciki, ga wadda ba a san ko mace ce da gaske ba.

Da a ce shiru ne kawai illar, da da sauƙi. A zauren WhatsApp duk wanda ya shigo yana ganin lambar wayar kowa. Ranar da kika liƙa linki a Facebook, kin miƙa lambobin matan aure 700 ga duk ɗan damfarar da ya ga dama. Salon nasu ɗaya ne, kullum sai an kawo min kukansa. Zai kira mamba ya ce daga zaure ne, za a yi taro ta intanet, an turo mata lambobi shida ta tes, ta karanto masa. Lambobin nan su ne mabuɗin rajistar WhatsApp ɗinta. Tana karantawa ya ƙwace asusun, ya bi 'yan'uwanta da kwastomominta yana neman rance da sunanta, sannan ya dawo zauren da fuskarta ya farauci ta gaba. In kuna adashi a ciki kuwa, ki ƙaddara wa kanki sauran. Kuma idan ta faru ba mai tuna wanda ya ba da shawarar, sunanki za a kira, ke da kika tara su.

Saboda haka ki kunna saitin da ke sa sai admin ta amince kafin a shigo, kuma kada a karɓi sabuwa sai wata tsohuwar mamba ta tsaya mata. Ki yi saƙon murya, ba rubutu ba, ki ce kowa ta saka makulli na biyu, wato lambar sirrin da WhatsApp ke tambaya in an yi yunƙurin buɗe asusu a wata wayar.

Game da shirun, ki rage damuwa. Jakob Nielsen, masanin yadda mutane ke amfani da intanet, ya bayyana tun 2006 cewa a yawancin irin waɗannan wuraren kashi 90 cikin ɗari karatu kawai suke yi, kashi 9 kan tofa albarkacin baki jefi-jefi, kashi 1 ne ke ɗauke da hirar. Masu shirun ba su ne matsalarki ba. Waɗanda suka kamata su hana ki barci su ne 'yan tsirarun nan da ke amsa tambaya, kuma su ne kika ce suna zamewa. Ki kira su a waya ɗaya bayan ɗaya, ki ji abin da ya kore su. Na san amsar: talla.

Ki ware wa talla rana guda, kamar ranar kasuwa. Wadda ta yi a wata rana ki goge, tunda admin na da ikon goge saƙon kowa. Haka ma saƙonnin "tura wa mutum goma" da jita-jitar magani, ko na Hajiya babba ne. Sannan ki raba zauren gida-gida: na turare daban, na abinci daban, na ɗinki daban, ki haɗa su a ƙarƙashin tsarin Communities da WhatsApp ya fito da shi a Nuwamban 2022, babban zaure ya zama na sanarwa kawai. Kowane ƙaramin zaure ki ba shi admin daga cikin matan da kika fara da su.

In za ki tayar da hira, ki daina cewa "'yan'uwa ku yi magana mana". Ki ambaci mutum, ki tambaye ta abin da ta sani: "Maman Khalifa, nawa kika sayo sandal a makon nan, a Kano ko a nan Sabon Gari?" Za ta amsa, wata kuma za ta ce ita ta samu ƙasa da haka.