Amsa: kuɗin takardar farautar manyan dabbobi a Amurka

Malam, ka tambaya wai da gaske ne mutum zai biya dubban ɗaruruwan daloli don kawai ya harbi rago ɗaya? Wallahi gaskiya ne, amma ba haka kowa ke biya ba. A jihohin yammacin Amurka kamar Montana, bayan lasisin farauta sai ka nemi takardar izini ta dabbar da kake so, kuma ta ragon dutse mai manyan ƙahoni ƙuri'a ake yi saboda ragunan ba yawa, wani ya shekara ashirin yana cika fom bai dace ba, baƙo daga wata jiha kuwa kuɗinsa ya ninka na ɗan gari sosai.

To sai gwamnatin jiha ta ware takardar izinin ragon ƙwaya ɗaya ta sa a gwanjo. A 2013 ta Montana ta kai dala 480,000 a taron Wild Sheep Foundation, ƙungiyar kula da ragunan daji, a birnin Reno na jihar Nevada, kuma mafi yawan kuɗin kan kula da ragunan yake komawa, ƙidayarsu, bincike kan ciwon huhu da suke kamawa daga tumakin gida, kai su sabon daji. Ni dai abin da ke damuna, mai kuɗi ya tsallake layi talaka na jira.