Dutsen ɗan dako ne, ba shi ya haifi daimon ba

Kai yaro, ka ce ka ga jajayen tsakuwoyi a tsakiyar rariya, kana tambaya ko bututun daimon yana kusa, kuma wai da gaske ne aman wuta ya kawo shi. Da kana tsayawa bakin ramin wanki rabin yadda kake tsayawa kan waya, da ba ka yi mini wannan tambaya ba. Amma zauna, tunda ka fama mini tsohon miki.

Ba a cikin dutsen bututun aka yi daimon ba. Can ƙasa yake, zurfin kilomita 150 ko fiye, inda nauyi da zafi suka matse sinadarin gawayi har ya zama abin da muke wahala a kansa. Wani ya kwanta can shekara biliyan 1, wani har 3. Sai narkakken dutse mai cike da iska ya taso a guje, ya yayumo abin da ya tarar a hanya, ya fasa ƙasa ya fito. Da a hankali ya taho, da daimon ya rikiɗe ya koma baƙin abin nan na cikin fensir. Hanyar da ya bi, sama faɗi ƙasa tsukakke kamar karas, ita ce bututun. Dutsen da ya daskare a ciki shi ne kimbalait, daga sunan garin Kimbali na Afirka ta Kudu, inda aka buɗe babban ramin haƙar daimon a 1871. Ɗan dako ne kawai, ɗan dako kuwa sau nawa yake dawowa daga tasha hannu rabbana? Cikin bututu 100, da ƙyar 1 ke biyan kuɗin haƙarsa.

Ban san wannan ba lokacin da nake Kono a Saliyo. Na tara 'yan kuɗina a wankin tsakuwar rafi, shekara shida ina tarawa. Wani mutum, ba zan kama sunansa ba, sahu ɗaya muke sallah, carbi ba ya barin hannunsa, ya ja ni gefe ya ce yana da fili jijiya ɗaya da bututun Koidu. Koidu kuwa, babban garin Kono, kowa ya san akwai bututu biyu na gaskiya. Ya kai ni da sassafe, aka wanke rariya uku a gabana. Kowace da jajaye da baƙaƙe masu ƙyalli, irin tsakuwoyin da ke fitowa tare da kimbalait, ta ukun har da ɗan daimon, bai kai rubu'in karat ba. Ko tayi ban yi ba, na biya. Na ɗauki lebura 14, shinkafarsu kullum a wuyana, ga hayar injin zuƙar ruwa, ga mai. Wata biyar! Muka ratsa jar ƙasa muka dira kan dutse fari mai tauri, irin wanda ake sassaƙa dutsen niƙa da shi, diga tana tsalle tana dawowa. Kimbalait na sama rawaya ne, ruɓaɓɓe, kana murza shi da hannu ya wargaje, sai an nutsa yake komawa shuɗi-shuɗi. Ko ƙyallinsa ba mu gani ba.

Wani tsoho ɗan ƙasar, wanda ya daɗe yana wa kamfani aiki, ya biyo ta wurin. Na nuna masa jajayen da na adana a kwalba. Ya juye a tafin hannu, ya murza da babban yatsa, ya dube ni da tausayi, wanda ya fi dariya ciwo. Sumul suke kamar ƙwayar dawa, ruwa ya gama lashe su, an kwaso su daga wani rafi aka barbaɗa da dare. Da na tari mutumin, ya kaɗa carbi ya ce arziki na Allah ne. Kuɗin kujerar Makka biyu suka tafi a ramin nan, uwata ta rasu ba ta je ba.

To jajayenka. Dubi gefensu tukuna. Na kusa da bututu suna da kaifi da kaushi, jansu mai duhu ne da ya karkata zuwa shunayya. Bi rafin sama kana wanki, ka ga ko suna ƙaruwa suna girma. Inda suka yanke, ka riga ka wuce wurin ke nan, sai ka dawo baya. In ka ga ɗan kore shar a cikinsu ka buɗe ido, shi ba ya jure tafiya mai nisa. A Botswana yashi ya binne komai, gara ce ta riƙa fito da irin waɗannan a suri, kuma bin sawunsu ya kai ga gano bututun daimon na Orapa a 1967. Ko ka sami bututun ma, ba ka sami daimon ba sai an wanke an gani.

Yadda ake girgiza rariya da kifa ta, wannan ba zan ɓata yawuna ba, ko ɗan shekara goma ya iya. Gobe bayan asuba ka kawo mini tsakuwoyin a hannunka. Kada ka kuskura ka turo mini hoto.